Cankar Sunan Fim daga Manunai: Nazari kan Wani Kacici-kacici na Zamani

1.0 Gabatarwa

Daga cikin wasannin wasa ƙwaƙwalwa da suka yaɗu tare da yaɗuwar silima akwai wani da ake yi tsakanin mai tambaya da masu amsa. Mai tambaya yakan riƙe sunan wani fim a ransa, ya riƙa kawo bayanai game da shi ɗaya bayan ɗaya, su kuwa masu amsa su yi ta ƙoƙarin canko sunan. Wasan yana da rassa da dama, amma reshen da wannan maƙala ta ɗauka shi ne wanda aka yi wa ƙaidi cewa lalle ne taken fim ɗin ya kasance sunan farko na wani tauraro da ke cikin labarin, watau irin su Rocky da Rebecca da Bobby da Amina. Kowane bayani da mai tambaya ya kawo, a nan za a kira shi manuni, domin aikinsa shi ne ya nuna hanya ba tare da ya raka mutum har gida ba. Haka kuma za a yi amfani da kalmar tauraro bisa ma'anar da manazarta adabi suka ba ta, watau mutumin cikin labari, a bar ɗan wasa ga wanda ya hau matsayinsa a gaban na'urar ɗaukar hoto.

Dalilai biyu ne suka sa wasan ya cancanci nazari. Na farko, yana da zubi da tsari irin na kacici-kacici, saboda haka ana iya gwada shi da na Hausa a ga inda suka haɗu da inda suka raba hanya. Na biyu, an gina shi a kan abin da ake kira sunan farko, wanda ba ma'ana ɗaya yake da ita a wurin kowace al'umma ba.

2.0 Asalin Wasan

Gasar tambaya da amsa a kan ƙananan bayanai ta bunƙasa ne a Amurka da Ingila ta hanyar rediyo da talbijin. A shekarar 1938 aka fara shirin rediyo mai suna Information Please a Amurka, inda masu sauraro ke aiko da tambayoyi don su ƙure wasu masana da aka zaunar. A 1964 aka fara shirin talbijin na Jeopardy!, wanda ya juya tsarin, aka riƙa ba 'yan takara manuni su kuma su faɗi abin da ake nufi cikin sigar tambaya. A ƙarshen 1979 wasu 'yan jarida biyu a birnin Montreal na Kanada, Chris Haney da Scott Abbott, suka ƙago wasan Trivial Pursuit, wanda ya raba tambayoyinsa gida shida, ɗaya daga ciki na harkar nishaɗi. Daga irin wannan rabe-rabe ne aka saba da ware tambayoyi bisa wani sharaɗi guda, kamar a ce duk amsoshin wannan zagaye sunayen garuruwa ne, ko kuwa duk sunayen mutane ne. Cankar fim mai ɗauke da sunan tauraro ɗaya ce daga cikin irin waɗannan zagayoyi.

3.0 Sunan Tauraro a Matsayin Take

Sa wa labari sunan tauraronsa tsohuwar al'ada ce wadda silima ta gada daga littafi da wasan kwaikwayo. Fim ɗin Hamlet na 1948 daga wasan Shakespeare ya samo takensa, Rebecca na 1940 daga littafin Daphne du Maurier na 1938, Devdas kuma daga littafin Sarat Chandra Chattopadhyay na 1917. Wani lokaci akan gajarta sunan, kamar yadda labarin Oliver Twist na Dickens ya koma Oliver! a fim ɗin 1968. Masu shirya fim suna son irin wannan take saboda gajere ne, yana da sauƙin riƙewa, kuma yakan ƙetara daga harshe zuwa harshe ba tare da an fassara shi ba. Misali mai kyau shi ne fim ɗin Faransa na 2001 wanda takensa na asali doguwar jimla ce, amma da ya fita ƙasashen waje sai aka bar kalma ɗaya tak, watau Amélie.

Har wa yau akwai bambancin ma'ana tsakanin zaɓen sunan farko da zaɓen sunan zuriya. A al'adar Turawa kiran mutum da sunan farko alamar kusanci ce, kiransa da sunan zuriya kuwa alamar girmamawa. Don haka finafinan da suka ɗauki shugabanni da masana a matsayin mutanen tarihi sukan ɗauki sunan zuriya, kamar Gandhi (1982) da Lincoln (2012) da Oppenheimer (2023). Waɗanda kuwa suka nufi shiga cikin rayuwar mutum ta gida sukan ɗauki sunan farko, kamar Frida (2002) da Ray (2004) da Elvis (2022). Wannan ba doka ba ce da ba ta karyuwa, amma mai amsa da ya lura da ita ya sami tudun dafawa.

Irin waɗannan finafinai suna da yawa har cikin waɗanda suka ci lambar Oska ta gwarzon fim na shekara, alal misali Rebecca (1940), Hamlet (1948), Marty (1955), Gigi (1958), Oliver! (1968), Rocky (1976) da Anora (2024).

Abin da ya sa wannan rukuni ya dace da kacici-kacici shi ne, sunan mutum ba ya faɗin kome game da labarin. Take irin Mother India ana iya kewaya ma'anarsa da wasu kalmomi har mai hankali ya gane ko bai taɓa ganin fim ɗin ba. Amma Marty ba shi da wata ma'ana da za a kewaya. Tilas mai tambaya ya bar taken ya koma ga abin da ke bayansa. A lokaci guda kuma sharaɗin ya rage wa mai amsa faɗin daji, domin ya san kalma ɗaya yake nema, kuma sunan wani ce.

4.0 Ire-iren Manunai

Ana iya kasa manunan da ake amfani da su gida huɗu.

4.1 Manunin labari. Wannan shi ne wanda ke taƙaita abin da ya faru a fim ba tare da ambaton suna ba. Misali: “Wani mahauci mai shekara 34 a unguwar Bronx ta birnin New York, wanda ke zaune da mahaifiyarsa, ya fid da ran samun mata, sai ya gamu da wata malamar makaranta a wurin rawa.” Amsa ita ce Marty. Wani misalin: “Baƙo ya shigo gari yana jan akwatin gawa, ashe bindiga mai jigida ce a ciki.” Amsa ita ce Django na 1966.

4.2 Manunin ma'aikata. Wannan yana nuni ga darakta ko marubuci ko 'yan wasa. Misali: “Fim ɗin Raj Kapoor na 1973 da ɗansa Rishi ya fara fitowa jarumi a cikinsa tare da Dimple Kapadia.” Amsa ita ce Bobby. Wannan nau'i ya fi sauƙin ƙullawa, amma ya fi ƙarancin armashi, domin wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba kuwa ba shi da abin da zai yi tunani a kai.

4.3 Manunin tarihi. Wannan ya ƙunshi shekara da lambobin yabo da asalin labari. Misali: “Shi kaɗai ne fim ɗin Alfred Hitchcock da ya ci lambar Oska ta gwarzon fim.” Amsa ita ce Rebecca. Ko kuwa: “An ɗauko shi daga littafin farko da Stephen King ya buga a 1974.” Amsa ita ce Carrie na 1976.

4.4 Manunin suna. Wannan yana dogara ga sunan kansa, watau yawan haruffansa, ko harafin farko, ko wani sananne da ke da suna irinsa. Yawanci akan ajiye shi sai masu amsa sun gaza, domin yana kusa da buɗe tukunya.

Ƙwarewar mai tambaya tana bayyana ne wajen jera manunai daga na nesa zuwa na kusa. A ɗauki wannan jeri:

(a) Wanda ya rubuta labarin ya ƙi sayar da shi sai an yarda shi zai hau matsayin tauraro.
(b) Fim ɗin ya ci lambar Oska ta gwarzon fim na 1976.
(c) A birnin Filadelfiya labarin ya faru.
(d) Tauraron ɗan dambe ne da ya jure turmi 15 gaban zakaran duniya, amma alƙalai suka ba abokin karawarsa.
(e) Ɗan wasan shi ne Sylvester Stallone.

Manuni na (a) sai wanda ya san tarihin shirya fim ɗin zai kama shi. Na (b) yana buƙatar haddar shekaru. Daga (c) zuwa (d) duk wanda ya kalli fim ɗin zai tuna, na (e) kuwa ko wanda bai kalla ba zai iya cewa Rocky. Saboda haka akan ba da maki mai yawa ga wanda ya canka tun daga farko, makin ya riƙa raguwa da kowane ƙarin manuni. Da za a juya jerin a fara da (e), to, sauran huɗun sun zama aikin banza.

Sharaɗin manuni mai kyau biyu ne: ya zama gaskiya, kuma idan an haɗa shi da 'yan'uwansa su tsaya a kan fim ɗaya. Na biyun yakan ba da wahala saboda suna ɗaya kan hau finafinai da yawa. Akwai Bobby na Indiya na 1973, inda sunan na budurwa ne, 'yar wani masunci Kirista, akwai kuma Bobby na Amurka na 2006 a kan ranar da aka harbe Robert Kennedy a 1968. An shirya Devdas a 1935 da 1955 da 2002, ban da wasu lokutan. Idan amsar da ake nema take ne kurum, wannan ba matsala ba ce. Amma idan mai tambaya ya gauraya bayanin na 1955 da Dilip Kumar ya fito da na 2002 da Shah Rukh Khan ya fito, ya zalunci masu amsa.

5.0 Matsalar Sunan Farko

Sharaɗin wasan yana ɗauka cewa kowa yana da sunan farko da sunan zuriya bisa tsarin Turawa. Da zarar an gwada shi a kan finafinai na hakika sai a ga ɓaraka ta fuskoki da dama.

Ta farko ita ce sunan zuriya da ya yi kama da na farko. Masu kallo da yawa sun ɗauka Rambo sunan yanka ne, alhali sunan tauraron John Rambo, kuma taken fim na farko na 1982 First Blood ne. Fim ɗin Ali na 2001 ya fi wannan rikitarwa ga Bahaushe, domin a wurinsa Ali sunan yanka ne, amma a sunan ɗan damben nan Muhammad Ali a ƙarshe ya zo, kuma a matsayin sunan ƙarshe Amurkawa suke kiransa da shi.

Ta biyu ita ce bambancin jeri. Sinawa sukan fara da sunan zuriya, saboda haka a sunan Hua Mulan, kalmar Mulan ce sunan da aka raɗa mata ko da yake ita ce ta biyu. Fim ɗin Mulan na 1998 ya cika sharaɗi idan abin nufi sunan raɗi ne, ya kuma karya shi idan abin nufi wanda ya zo da farko ne. Amadeus na 1984 kuwa sunan tsakiya ne na mawaƙi Mozart.

Ta uku ita ce laƙabi. Sunan yankan tauraron Rocky shi ne Robert, kamar yadda Bobby da Jackie gajartattun sunaye ne. Galibi akan karɓe su, tun da da su ake kiran taurarin a cikin labari.

Ta huɗu ita ce mai sunan da ba mutum ba ne, ko wanda ba a gani. Harvey na 1950 sunan wani ƙaton zomo ne da kusan ba mai ganinsa sai tauraron da James Stewart ya hau matsayinsa. Christine na 1983 sunan jar mota ce ƙirar Plymouth ta 1958. Rebecca kuwa ta mutu tun kafin labari ya fara, ba a nuna ta ko sau ɗaya, ita kuma amaryar da ake bi da labarinta ba a taɓa faɗin sunanta ba. Irin waɗannan su ne masu tambaya suka fi so, domin suna kai mai amsa ga neman abu inda ba ya nan.

6.0 Gwadawa da Kacici-kacicin Hausa

Wasan ya yi tarayya da kacici-kacicin Hausa a wajen tsari. Dukansu suna da mai tambaya da mai amsa, suna da amsa guda da aka ɓoye, kuma suna da tara ga wanda ya gaza. A Hausa wanda ya kasa yakan ba da gari kafin a faɗa masa amsa, a wasan fim kuwa maki yake asara.

Bambancin yana wajen irin sanin da ake gwadawa. Idan aka ce “Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya”, amsar tsintsiya ce, abin da ke kowane gida. Haka “Baba na ɗaka gemu na waje”, ba wanda bai san wuta da hayaƙi ba. Abin da aka ɓoye sananne ne, an lulluɓe shi ne da siffantawa, mai amsa kuma basirarsa zai sa ya yaye lulluɓin. A wasan fim kuwa manunin yakan zo a fili ba lulluɓi, amma amsar sai wanda ya taɓa ji ko gani. Na farko yana auna kaifin tunani, na biyu yana auna yawan abin da aka tara a ka. Bugu da ƙari, kacici-kacicin gargajiya yana da daskararrun kalmomi da ake gada, shi kuwa manunin fim kowa yana iya ƙulla nasa.

Duk da haka, manunan da suka fi armashi su ne waɗanda suka ari dabarar gargajiya. Ana iya cewa game da Rebecca: “Mai suna ba a gan ta ba, wadda aka gani ba ta da suna.” Game da Christine kuma: “Budurwa ja mai ƙafa huɗu, kishinta har kisa.” A nan sani kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da tunani.

Akwai wata alaƙa ta fuskar al'adar suna. Bahaushe ya daɗe da ƙwarewa wajen nuna suna ba tare da furta shi ba, saboda alkunya. Mace takan kauce wa sunan mijinta, iyaye sukan kauce wa sunan ɗan fari, yaron da ya ci sunan kakansa a kira shi Abba ko Baba, yarinya kuma Ummi ko Uwani. Wanda ya ji Garba ya san Abubakar ake nufi, Indo A'isha, Dije Hadiza, Shehu kuma Usman. Sunayen rana irin Jummai da Asabe da Ɗanladi su ma manunai ne ga ranar haihuwa. Wannan hali ya bi masu kallo har gidan silima. Tun shekarun 1950 da 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya Arewacin Nijeriya, masu kallo suka riƙa yi wa 'yan wasa laƙabi, kamar Sarkin Ƙarfi ga Dharmendra da Ɗan Daba Mai Lasin ga Sanjay Dutt. Finafinan Indiya kuma suna cike da take mai sunaye, wani lokaci biyu ko uku a jere, kamar Ram Aur Shyam (1967) da Seeta Aur Geeta (1972) da Amar Akbar Anthony (1977). Taken na ƙarshen shi kansa manuni ne ga labarin, domin sunayen uku suna nuna 'yan'uwa uku da suka rabu suna yara, ɗaya ya tashi a gidan Hindu, ɗaya a gidan Musulmi, ɗaya a hannun Kirista.

Idan aka juyo ga ayyukan Hausa, za a tarar cewa daga cikin littattafai biyar da gasar 1933 ta haifar, biyu suna ɗauke da sunan tauraro, watau Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Sai dai masu shirya fim na Hausa sun nuna sha'awar take mai karin magana ko guntuwar jimla, kamar Turmin Danya (1990) da Kulɓa Na Ɓarna da In Da So Da Ƙauna da Ki Yarda Da Ni. Masu sunan tauraro zalla su ma akwai su, kamar Wasila da Mansoor (2017), sai kuma Amina (2021) na Izu Ojukwu a kan sarauniyar Zazzau.

A nan ma sharaɗin sunan farko yana cin karo da al'ada. Shaihu Umar laƙabin malanta ne haɗe da sunan yanka. Sarraounia, fim ɗin Med Hondo na 1986 da aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani a kan sarauniyar Lugu da ta yi tsayayya da rundunar Faransa a 1899, sunan sarauta ne. Samanja, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya shahara da shi, muƙamin soja ne da ya zama suna. Ibro kuwa, wanda marigayi Rabilu Musa ya fito da shi a finafinai masu yawa, gajarta Ibrahim ne. Wannan ya nuna cewa idan za a yi wasan da Hausa, kalmar sunan farko ba ta wadatar ba. Dole a fayyace tun farko ko sunan yanka kaɗai ake karɓa, ko kuwa duk sunan da ake kiran tauraro da shi, ya haɗa da laƙabi da sarauta.

7.0 Kammalawa

An ga cewa cankar fim mai sunan tauraro kacici-kacici ne da ya taso daga gasar tambayoyi ta rediyo da talbijin, kuma ƙarfinsa yana cikin rashin ma'anar da sunan mutum ke da ita game da labari. An kasa manunansa gida huɗu, an nuna cewa jerinsu daga nesa zuwa kusa shi ne ginshiƙin wasan, sa'an nan an bayyana wuraren da sharaɗin sunan farko ke samun tangarɗa.

Ga malamin harshe da adabi, wasan yana da amfani na zahiri. Ɗalibin da aka ce ya ƙulla manunai biyar a kan Ganɗoki ko Shaihu Umar ba tare da ya ambaci suna ba, tilas ya rarrabe jigo da zubi da halayen taurari, ya kuma auna wane bayani ne kowa ya sani, wane ne sai wanda ya karanta da kyau. Ga mai nazarin sunaye kuma, jerin taken finafinan Hausa fage ne da za a iya ƙirga yawan masu sunan yanka da masu laƙabi da masu karin magana, a gwada su shekara da shekara tun daga 1990, a ga yadda zaɓen take yake sauyawa.